Kafin ka sayar da injinka, je ka sayo bagaruwa

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a wata guda. Wai in samo maka hanyar zuwa nan Jamus ko da za ka sayar da injinka, in kuma ba ta samu ba, in aiko maka da gwangwanin rinin katako na Turawa, tunda masu sayen gado a Panteka yanzu baƙi suke so. Na biyun nan ya fi ba ni haushi.

Ni da na shekara tara ina haɗa gadajen amare a Kaduna, shekarata ta farko a nan tsintsiya aka miƙa min. Ba ruwansu da hannunka, takarda suke tambaya. Koyon kafinta shekara 3 ne, da aji da jarrabawa, duk da Jamusanci, kuma shagon kanka sai ka sake neman takardar gwani.

Wata rana a shagon da nake aiki aka kawo teburin itacen ok a mayar da shi baƙi. Maigidan ya ɗauko wata kwalba yana lallaɓa ta kamar maganin da ya gada. Da na leƙa sai na ga soson ƙarfe ne a cikin khal, ruwan tsamin nan da ake kira binega. Wallahi dariya ta kusa ƙwace min. Ashe ɗan'uwan kuloko ne, baƙin rinin fata na dukawanmu! Na faɗa masa, ya dube ni kamar ban yi magana ba. Har yau abin yana cina.

To saurara. Nemi soson ƙarfe mai laushi wanda yake tsatsa, ba mai ƙyallin nan na wanke tukunya ba. Wanke maiƙonsa da sabulu, ka jefa shi cikin farin khal. Kada ka ɗaure murfin, iska ce ke tasowa, tana iya fasa kwalbar. Bayan kwana 3 zuwa mako ka tace da tsumma. Ruwan shi kaɗai ba launi ba ne, sai ya gamu da tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin itace. Ok yana da shi sosai. Farin katako kuwa kaɗan ne, shi ya sa nan suke fara shafa masa baƙin shayi mai kauri.

Shayi! Alhali kai ga bagaruwa a kasuwa, wadda majema ke jima da ita tun kaka da kakanni. Daka ta, tafasa, tace, shafa, bari ya bushe, sannan ka bi da ruwan ƙarfen. Kana tsaye katakon zai rine. Fara gwadawa a guntu, don kowane itace da irin baƙinsa, kuma ka bi shi da samfefa a hankali kafin banish, ruwa yana tayar da gashin katako.

Maganar tafiya kuma, ba ni da ikon ba kowa biza. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya bi da kai ta Agadas, ka guje shi. In da gaske kake, fara koyon harshen, sai mu yi magana.

Ka gaida Hajiya. In za ta aiko min da yaji, ka haɗa min da bagaruwa mudu ɗaya.