Tambaya da Amsa: Mesh ɗina na yankewa da daddare, canel ne matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Gidanmu bene ne, na sa mesh (waifai mai akwatuna da ke miƙa wa juna sigina) mai akwati uku, ɗaya a falo ɗaya a sama ɗaya a ɗakin samari kusa da get. Da rana lafiya lau amma da an yi isha'i sai bidiyo ya fara tsayawa, kiran WhatsApp na yankewa. Wani yaro mai gyaran waya yace in ba kowane akwati canel ɗinsa, ɗaya 1 ɗaya 6 ɗaya 11, na shiga manhajar ban ma ga wajen canzawa ba. Ya zan yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yaron nan ba ƙarya ya yi ba, 1 da 6 da 11 su ne canel ukun (wato hanyoyin da siginar waifai ke bi) da basa hawa kan juna a zangon sigina na 2.4GHz, saboda tazarar 5MHz ce kawai tsakanin canel da mai bi masa alhali siginar na cin wajen 20MHz, to in ka zauna a 3 ko 4 ka shiga haƙƙin 1 ka shiga na 6 duka. Gara ma ku haɗu da maƙwabci a canel ɗaya, na'urorin zasu riƙa jiran juna kamar layin famfo, da ace kuna gefe da gefe kowa na yi wa kowa surutu.

Amma shawarar tasa ta inda kowane akwati ke da kebul ɗinsa ce. Naka ta iska suke magana da juna, na sama sai ya karɓo daga na falo kafin ya miƙo maka, kaga dole su zauna a canel ɗaya a zangon siginar da suke haɗuwa ta kai, yawanci 5GHz. Shi yasa baka ga wajen canzawa ba, ba laifin idonka bane. Google Nest Wifi da eero basa bari ka zaɓa da hannu, ASUS mai AiMesh yana bari amma a babban akwatin zaka canza sauran su biyo shi, Deco na TP-Link kuma akwai maɓallin duba netwok a manhajarsa da zaka danna ya nemo canel mara cunkoso da kansa.

Ni dai abin da yafi tsaya min a rai shi ne wannan "da an yi isha'i" ɗin. Kafin ka taɓa komai ka tsaya gaban babban akwatin ka buɗe fast.com da azahar, ka sake da ƙarfe 9 na dare a waje ɗaya. In ka ga gudun ya faɗi warwas a nan kusa da akwatin ma, to ba canel bane, intanet ɗin da ke shigowa gidan ne ya yi nauyi, lokacin kowa a unguwa ya dawo ya hau turke ɗaya, ko sau ɗari ka canza canel ba abin da zai ƙaru. In kuma a falo yana gudu a sama ne yake rarrafe, to matsalar cikin gida take.

A nan fara da rawutar da kamfanin intanet ya baka, wadda ka jona mesh ɗin a jikinta. Mutane da yawa suna barin waifai ɗinta a kunne, ga ta ga babban akwati a kan tebur ɗaya suna ta dukan juna, shiga saitinta ka kashe shi. Sannan ka sauke WiFi Analyzer in wayarka Android ce, zaka ga duk waifai na maƙwabta har da MiFi da hotspot na yara da canel ɗin da kowa ke kai. Lambar ƙarfin siginar tana zuwa da alamar ragi, -50 mai ƙarfi ne, in ta wuce -70 abin ya fara lalacewa. In akwatinka na barin zaɓi to a 2.4 ɗauki wanda yafi sauƙin jama'a cikin ukun nan, faɗin kuma ka barshi 20MHz, kar 40 ya ruɗe ka don ka ga lamba babba. A 5GHz zauna tsakanin 36 da 48. Daga 52 zuwa 140 ana rabawa ne da na'urorin rada (radar), in akwatin ya jiyo rada dole ya tashi daga wajen, kuma kafin ya hau irin canel ɗin sai ya yi shiru na minti ɗaya yana saurare, kai kuma kana can kana zagin netwok.

Maganar gaskiya a gidan bene dekin ne babban abokin gaba, siminti da rodi suna shanye 5GHz sosai. Matso da na sama bakin matakala inda zai riƙa hango na ƙasa, kar a cusa shi bayan talabijin ko cikin durowa. Na ɗakin samari kuwa in da hali a ja masa kebul Cat6 daga babban akwatin, yana kai mita 100 ba matsala, a saka shi cikin bututu saboda rana da ɓeraye, a jona a ramin LAN sai ka leƙa manhajar ka tabbatar ta nuna ta waya ya haɗu.