Amsa ga Maman Nana: koyon hawan allon iska a bakin teku

Maman Nana, kin tambaya ko ki bar yaranki biyu su koyi hawan allon nan mai ƙyalle da iska ke turawa idan kun je Lome hutu. Ni na ce ki bar su, amma kada ya zama cikin tekun kansa.

Mu ƴan Yamai kogin Isa muka sani, shi ya sa teku ke ruɗinmu. Igiyar ruwan Lome tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Ku yi wasan rairayi a can, ku sha kwakwa. Darasin kuma ku nemi ruwa mai kwanciya, kamar tafkin Togo wajen Agbodrafo, kimanin kilomita 30 daga Lome.

Sharaɗin farko, yaro ya iya iyo, kuma rigar hana nutsewa ba ta fita jikinsa. Malamin kirki a kan tudu yake farawa: yadda za a juya wa iska baya, a lanƙwasa gwiwa, a jawo ƙyallen da igiya a hankali. Ki dubi girman ƙyallen, na manya yana gajiyar da yaro cikin minti kaɗan. In iska daga tudu take busowa zuwa tsakiyar ruwa, ku haƙura ranar, don nesa za ta kai shi.

Nawa ɗan ya faɗi ya fi sau goma, ya sha ruwa, ya fito yana dariya. Ku tafi da safe kafin rana ta buɗe.