Ga mai tambayar kazar silo kuka: ni ma tukunyar nan ta taɓa sa ni kuka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun ina cikin motar dawowa daga dawam, wato wurin aiki, na ga tambayarki, na ce bari sai na isa gida na yi magariba, don ba maganar layi biyu ba ce. Kin ce ƙarfe shida da rabi kike fita, ba kya shigowa sai bayan la'asar, ga yara uku. An ba ki silo kuka kyauta, tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, sau uku kina sa kaza tana fitowa tsamo-tsamo cikin ruwa, ta dagargaje, ga ƙarni, maigida ya ture faranti ya fita sayo soyayyiyar kazar Albaik. Shi ne kike tambaya ko tukunyar ce ba ta dace da girkinmu ba, ko ke ce ba ki iya ba.

Wallahi kamar a ƙofar kicin ɗina kika tsaya kika rubuta. Ba rashin iyawa ba ne, ki cire wannan daga ranki tukuna.

Ni tawa ta fi taki muni. Shekarar da na fara aikin jinya a wani asibitin kuɗi nan Jidda, yayar Abban yara ta zo Umara ta sauka a wurinmu. Cewa aka yi sati biyu za ta yi. Kun dai san bizar Umara wata uku ce, to ita baiwar Allah kamar ta yi rantsuwa sai ta cinye ta tas. Ban ƙi ba, baƙon Allah ne, na ba ta ɗakin yara, yaran suka koma falo. Watan Agusta ne, irin zafin nan na Jidda mai ɗanko da kina fitowa wanka kina neman wani. Ranar wata Talata Abbansu ya ce abokansa uku za su zo daga Makka bayan magariba. Na ce ba komai. Na raba dare ina gyaran kaji biyu, na soya kayan miya, da asuba na jera komai a tukunya, na kunna, na ga 'yar fitilarta ta kawo da idona, na ce Yaya ga abinci nan a kan wuta, ba sai kin taɓa komai ba. Ta ce to, Allah ya tsare.

Ƙarfe biyar na dawo. Tun daga matakala na san akwai matsala, don ƙamshin da ya kamata ya tare ni babu shi. Ina buɗe ƙofar kicin wani wari ya doke ni. Kicin ɗinmu ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tagarsa kuma rana take kallo. Wayar tukunya tana reto a gefen kanta, butar shayi ce a soket ɗin. Kaza ɗanya shar tun safe, ruwan kanta har ya fara kumfa.

Na fito na ce Yaya, ke kika cire wayar nan? Ko ɗagowa daga wayarta ba ta yi ba. Ta ce, “Shayi na dafa. Na ɗaga murfin abin naki na ga ko motsi ba ya yi, na zaci lalatacce ne.” Tun ƙarfe bakwai da rabi fa. Awa tara da wani abu tana cikin gidan, lambata tana wayarta, kira ɗaya ya gagare ta. Warin nan ba ta ji ba? Ta ji. Da na ce zubarwa zan yi sai ta miƙe, wai almubazzaranci, in tafasa ta da kyau in zuba yaji ba mai ganewa, su a gida ba sa zubar da nama. Na ce Yaya, aikina ke nan, ina ganin waɗanda ake kawowa da amai da gudawa. Naman da ya wuce awa biyu a waje ba a cin sa, in ana irin zafin nan ma awa ɗaya ne, kuma akwai ƙwayoyin cutar da ke barin guba a nama, ko kin kwana kina tafasawa gubar tana nan. Ta ce, “Oho, likita.” Haka ta ce min, oho likita, a gaban 'ya'yana.

Na ƙulle kajin a leda biyu na sauka da su da kaina. Abbansu ya shigo, na faɗa masa, abin da ya iya cewa kawai, “Ki yi haƙuri, Yaya ce.” Ya fita ya sayo shinkafar Bukhari aka ba baƙi. Ita ma ta ci, har da ƙari.

Duk wannan da na shanye. Abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a maƙogwaro shi ne bayan kwana biyu, Abbansu yana sauraren saƙonnin danginsu a WhatsApp bai san muryar a buɗe take ba, sai ga muryar Yaya tana ba 'yan Kano labari. Wai ƙaninta yana cikin wahala, matarsa ba ta girki, wata na'ura take jibga wa nama ta fice yawon aiki, ranar nan saura ƙiris a ba baƙi ruɓaɓɓiyar kaza ba don ita ta lura ba. Ba don ita ta lura ba! Na shiga banɗaki na sake famfo don kada yara su ji, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Matar da nake wanke wa kaya, nake haɗa wa ruwan zafi, na ɗauki hutun da ba na biya don in raka ta Madina. Har ta koma ba ta ce min yi haƙuri ba, kuma da za ta tafi ni na cika mata jaka da dabino da turare. Na yafe dai, don ina son Allah ya yafe min, amma mantuwa ba a hannuna take ba.

Astagfirullah, na saki hanya. Mu koma kan kazarki.

Ruwan nan da kike gani, ke kika zuba shi. Mu mun saba da tukunyar gas, a tsaida ruwa ya sha kan nama don rabinsa zai ƙone. Ita wannan ba ta ƙone ruwa. Tururin yana taruwa a murfi ya koma ciki, ga kaza tana fitar da nata, albasa da tumatir suna fitar da nasu. Kaza mai giram 1100 ko 1200, rabin kofin shayi na ruwa ya ishe ta, in da miyar tumatir ma ni ko ɗigo ba na sawa. Za ki ga kamar zai kama. Ba ya kamawa.

Sannan ina zargin daga firiza kike ciro ta ki jefa. In haka ne don Allah ki daina yau. Tukunyar a hankali take ɗaukar zafi, ƙanƙararriyar kaza za ta daɗe tsakanin digiri 5 da 60, nan ne kuwa ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, ga ƙanƙarar ta narke ta ƙara miki wani ruwan da ƙarni. Ki sauko da ita ƙasan tallaja, wato firji, tun daren shekaranjiya, a cikin roba don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abu. Ko ki huta ki sayi mai sanyi kawai, Alyoum ko Tanmiah ko Wataniya, duk wadda kika samu a kantin Panda ko bakala, wato shagon unguwa.

Dagargajewa kuma, ki tuna kajin nan ba kazar gida ba ce da ta sha yawo a bola. 'Yan makonni ake yanka su, ƙashinsu ma taunuwa yake. Awa tara a wuta dole su zama fate. Ƙirji shi ya fi ban haushi, ya bushe ya zama zare-zare alhali yana iyo cikin romo. Cinyoyi za ki riƙa saya, masu ƙashi, ki cire fatar don a tukunyar nan laɓe-laɓe take zama, rabin ƙarnin ma daga ita ne. A ƙaramar wuta, inda aka rubuta Low, awa biyar zuwa shida sun isa. Babbar wuta awa uku. Ke kuma kin fi awa tara a waje, to nan ne gizo ke saƙa. In taki mai agogo ce da ke komawa ɗumi da kanta, shi ke nan, ki sa mata awa biyar, sauran ta riƙe miki da ɗumi. In mai murɗawa ce irin tawa ta farko, ki koya wa babbar 'yarki ta murɗa zuwa ɗumi in ta dawo makaranta da azahar. Wata ta taɓa ba ni shawarar in sayi agogon soket ya kunna ta ƙarfe sha ɗaya. Kada ki yi. Ɗanyar kaza ce za ta zauna awa huɗu da rabi a zafi tana jira, wato abin da Yaya ta yi min ne za ki yi wa kanki da kuɗinki.

Abin da na fi yi yanzu ma da daddare nake dafawa. In ɗora wajen sha ɗaya, in tashi asuba ta nuna, in juye a faffaɗar roba ta sha iska kaɗan, in sa a tallaja kafin in fita. Da yamma ɗumamawa kawai, a kan gas, ba a cikin silo kukar ba, ita ba a ɗumame da ita. Illarsa ɗaya, gidan zai kwana yana ƙamshin miya, autana ya taɓa tashi ƙarfe uku wai a zuba masa.

Kada ki yarda da masu bidiyon nan da ke watsa komai ɗanye su rufe. Bakinmu ba irin nasu ba ne, miyar da ba a soya ba Bahaushe yana sa ta a baki zai gane. Ranar Asabar nake soya kayan miya na sati guda: albasa mai yawa, tattasai, tumatir, salsa wato tumatirin gwangwani, attaruhu in an samu, in ba a samu ba barkonon da ke akwai, har mai ya taso tsamin ya mutu. In raba a robobi. Cinyoyin kuma in murje su da lemon tsami da gishiri, in shafa citta da tafarnuwa da masoro, in soya sama-sama su yi ja, minti uku kowane gefe. In kin soya ɗin nan to ki sa su a tukunya nan take, ba a soya kaza rabi a ajiye sai gobe. Dankali da karas a ƙasa, manya-manyan yanka, don sun fi kaza jinkirin nuna. Kaza a kai, miya a sama. Kada tukunyar ta wuce kashi biyu cikin uku, kada kuma ta gaza rabi. Daddawa kaɗan, don a rufe ƙarfinta ninkuwa yake. Ranar da nake son ta tashi kamar kabsa, dafa-dukar Larabawa, sai in jefa lumi ɗaya da na huda, wato busasshen lemon tsami, hel (kadamom) huɗu, sandan kirfa, kanumfari uku. Lumin kada ya wuce ɗaya, na taɓa sa uku miya ta yi ɗaci kamar maɗaci.

Shinkafa ba ta shiga. Na gwada, kunu na kwashe. In kin dawo ki jiƙa basmati kafin ki cire abaya, ki yi sallah, ki ɗebi romon kazar ki dafa ta da shi, minti ashirin ta yi. Ranar gajiya gurasar tamis nake aika a sayo a wurin ɗan Afgan na ƙasan gidanmu, a dangwala, ba wanda ya taɓa ƙorafi. In miyar gyaɗa kike so da tuwo, ki dama gyaɗar ki zuba saura minti arba'in, alayyahu saura minti goma, shinkafar Masar kuwa tana tuƙuwa lukwi. Kuka da kuɓewa a ƙarshe ake kaɗa su. Madara ko zabadi, wato yogot, ma haka, in suka daɗe tsinkewa suke.

Murfin nan kuma a bar shi. Duk ɗagawa ɗaya kin ƙara wa kanki kusan minti ashirin. Ba za ki ga tana zaɓalɓala ba, 'yan ƙananan kumfa ne a gefe, haka aikinta yake. In kina shakka ki sayi ma'aunin zafin nama, ki soka a cinya kusa da ƙashi, in ya kai digiri 74 ta nuna.

Af, tunda kyauta aka ba ki, ki juya gindinta ki karanta. In daga Amurka aka zo da ita ta wuta mai volt 110 ce ko 120, kika sa ta a soket ɗin 220 ta tafi. In kuma tsohon gini kike irin na unguwar Sabil ko Gulel, wasu har yanzu suna da soket iri biyu a kicin ɗaya. Tukunyar 220 a soket mai ƙaramar wuta fitila za ta kawo amma zafin ba zai kai ba, shi ma wani hatsarin ne. Kuma kada ki zuba ruwan sanyi a tangaran ɗin yana da zafi, haka na fasa na farko, kuma neman na canji ya fi sayen sabuwa wahala.

Maganar maigida ya ture faranti, nan ba ni da dabara sosai, don nawa ma ya yi. Abin da na yi, na daina sanar da shi a wace tukunya aka dafa. In juye a kula, in yanka albasa da lawashi a kai, wani lokacin in jera cinyoyin a tire in sa su ƙarƙashin wutar sama ta oben minti biyar su yi ja, in barbaɗa yajin ƙuli. Ran nan har cewa ya yi ta fi sire, wato tsiren Shari'a Mansur na Makka, na yi shiru abina. Sai da aka yi wata biyu ya gane, lokacin bakinsa ya riga ya saba.

Soket ɗin kuwa na manne shi da salatif, na rubuta KAR A CIRE da Hausa da Larabci, butar shayi na mayar da ita falo. Bana an ce Yaya tana shirin dawowa Umarar azumi. Ki turo hoton gaban tukunyar taki da na gindinta in gani, sai in faɗa miki awa nawa za ki sa mata.