Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta zai yi gudun fanfalaki a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce maigidanki ya yi rajistar gudun fanfalaki na Legas a karo na farko, kina son ki raka shi amma ba ki san inda za ki tsaya ba, ba ki san abin da za ki riƙe masa ba, kuma dangi suna ta cewa wannan ba aikin magidanci ba ne. Wallahi kowane layi da kika rubuta na san shi, domin ni ma daga nan Samaru na bi Abban yarana zuwa wannan tsere a Fabrairun 2023, kuma har yau idan na tuna da wannan yini sai zuciyata ta yi nauyi. Shawarata ita ce ki je, kada maganar kowa ta hana ki, amma ki tafi da shirin da bai rataya a wuyan alkawarin wani ba.

Na fara da wannan ne saboda abin da ya same ni. Muna da wani ɗan'uwa ta wajen maigida da ya daɗe yana zaune a Legas, wanda tun muna Zariya ya riƙa buga waya yana cewa kada mu damu da komai, motarsa tana nan, ya san kowane lungu, zai ɗauke ni daga wurin tashi ya kai ni gaba in ga wucewar maigida, sannan ya sauke ni a wurin ƙarewa. Mun yarda da shi ɗari bisa ɗari, har maigida ya ce mini zai neme ni da ido a gefen Lekki, inda ya san ƙarfinsa zai fara ƙarewa. Mun sauka a Idi-Araba wajen 'yan'uwanmu Hausawa saboda kusancinta da babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, inda aka tashi tseren a wannan shekara da misalin ƙarfe shida da rabi na safe. Mun yi sallar asuba, na ga tashinsu da idona, dubban mutane a cikin sauran duhu, sannan na juya na kira wannan bawan Allah. Wayarsa a kashe take. Na sake kira, na tura saƙo, na tsaya a inda muka yi da shi har gari ya waye tangaran, filin ya watse, masu shara suka fara kwashe robobin ruwa, bai zo ba kuma bai aiko ba.

Ba zan ɓoye miki ba, rashin zuwansa bai yi mini ciwo kamar abin da ya faɗa daga baya ba. Da yamma ya kira yana dariya, ya ce shi ya ɗauka wasa muke yi, wa zai tashi da asuba saboda babban mutum mai gemu yana gudu a titi ba tare da an biyo shi ba. Mutumin da ya ci abinci a gidana, wanda duk zuwansa Zariya a ɗakin baƙinmu yake kwana, shi ne ya bar matar ɗan'uwansa ita kaɗai a garin da ba ta taɓa takawa ba, kuma ko haƙuri bai bayar ba. Da tun farko ya ce ba zai iya ba, da mun nemi wata hanya, domin ba mu rasa kuɗin mota ba. Abin da ya yi shi ne ya karɓi amana alhali a ransa yana raina abin, ya bar mu muka gina dukkan shirinmu a kansa. Zumunci ya sa muna gaisawa har yanzu, kuma na yi ƙoƙarin yafewa, amma ina gaya miki ne domin ki gane cewa wanda yake ganin gudun nan shirme ne ba zai tashi da asuba dominsa ba, ko da ya rantse miki.

Ki tuna lokacin ne ake tsananin ƙarancin takardun naira. Kuɗin hannuna kaɗan ne, tura kuɗi ta waya yana ƙin tafiya, kuma tun a 2022 gwamnatin jihar ta hana acaba a Surulere da Lagos Island da Eti-Osa, wato daidai yankunan da nake buƙatar ratsawa. An rufe gadar Third Mainland saboda masu gudu, abin da ya sa motoci suka taru a sauran hanyoyin. Wani mai shayi ɗan arewa ne ya ga halin da nake ciki, ya bar teburinsa ya sa ni a motar haya, ya gaya wa kwandasta inda zai sauke ni, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Daga inda aka sauke ni na ci gaba da ƙafa, da hijabi da jaka mai nauyi, ina tambaya har na isa Eko Atlantic inda ake ƙarewa. Lekki kuwa ban je ba, domin babu yadda zan yi.

A nan ne na yi jira mafi tsawo a rayuwata. Zakarun, waɗanda galibi 'yan Kenya da Habasha ne, sun gama tun da hantsi cikin awa biyu da 'yan mintuna, har an watse daga bikin ba su kyauta. Irin mazajenmu kuwa awa huɗu zuwa shida suke ɗauka kafin su cinye kilomita 42 da mita 195, abin da ke nufin suna isowa ne lokacin da rana ta take. Na tsaya a jikin shingen ƙarfe ina duba lambar ƙirjin kowa. Mutane suna shigowa, wasu suna ɗingishi, wasu suna kuka, ana rataya musu lambar yabo a wuya, nawa shiru. Cajin wayata ya ƙare saboda kiran da na yi ta yi da safe. Can sai na hango ma'aikatan lafiya sun ɗauko wani a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, sanye da riga mai launin ta maigida, hannunsa yana lilo. Ban san lokacin da na jefar da jakar ba. Na bi su ina kiran sunan Allah, ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarsa, wadda dama ba da son ranta muka taho ba, da yadda zan koma Zariya, da yaran da na bari a Tudun Wada wajen kakarsu. Da na leƙa fuskar sai na ga ba shi ba ne, amma ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa ina kuka, ina yi wa wancan bawan Allah addu'a domin shi ma yana da masu jiransa.

Bayan azahar ta gabato na same shi zaune a gefen hanya bayan layin ƙarewa, ya wuce ta gabana ban gan shi ba a lokacin da na bi wancan gadon. Ya cire takalma, farcen babban yatsansa ya yi baƙi, gishirin gumi ya bushe fari fat a goshinsa da gefen gemunsa, hannunsa yana rawa har ya kasa buɗe robar ruwa. Kalmar farko da ya faɗa ita ce, ya yi ta dubawa a Lekki bai gan ni ba, har ya fara tsoron wani abu ne ya same ni, kuma da wannan fargabar ya ƙarasa sauran tafiyar. Wannan magana ita ce ta fi komai tsaya mini, domin a daidai wurin da ya fi buƙatar ganin fuskar nasa, tunanin lafiyata aka ƙara masa a kan gajiyarsa.

Saboda haka ki zaɓi wuri ɗaya tak da za ki iya kai kanki, ku yi magana a kansa tun da dare, ku ambaci wani gini ko alama da ba za ta ɓace ba, sannan ku yanke cewa idan bai gan ki ba kada ya damu, ku haɗu a wuri kaza bayan ƙarewa ko da wayoyinku duka sun mutu. Ni da zan sake zuwa, ba zan raka shi wurin tashi ba, domin a can yana da ƙarfinsa da zumuɗinsa. Zan wuce tun da duhu kafin a rufe hanyoyi in tsaya a ƙarshen tafiyar. Masu gudu sun san cewa tsakanin kilomita 30 da 35 abincin da jiki ya tanada a tsoka da hanta yakan ƙare, kuma maigida ya ce a nan ya ji kamar an ɗaura masa turmi a kowace ƙafa. A shekararmu hanyar ta bi ta kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda babu inuwa a kanta kuma ba wurin tsayuwar 'yan kallo ba ce, sannan ta shiga Ikoyi da Lekki da Victoria Island. Amma tun da aka fara tseren a 2016 hanyar takan sauya a wasu shekaru, don haka ki sa ya nuna miki taswirar bana da masu shiryawa suka fitar, kada ki dogara da tawa.

Abin da na fi so ki ja hankalinsa a kai shi ne zafi. Mijinki yana atisaye a nan cikin hunturu, yana fita da asuba ta hanyar Shika ko ta Basawa iska tana busar masa da gumi nan take, sai ya ɗauka ya shirya. Legas a Fabrairu wata duniya ce, iskarta cike take da laima, gumi ba ya bushewa, kuma idan gumi bai bushe ba jiki ba ya hucewa. Ki roƙe shi ya fara a hankali fiye da yadda ya saba, kada ya bi saurin jama'a a farkon tashi. Ya riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan a kowace tasha, kada kuma ya ɗura da yawa, domin ruwa zalla idan ya yi yawa yana rage gishirin jini, kuma wannan ma yana kayar da mutum. Idan kika gan shi yana tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, ko yana amai, kada ki tsaya lallashi ko ba shi ƙwarin gwiwa, ki kira ma'aikatan lafiya nan take ko da zai yi fushi. Idan kuma yana da hawan jini ko ciwon sukari, ya ga likita tun a nan gida kafin ku kama hanya.

A jakarki ki sa dabino da ayaba, da ruwa, da ƙullin gishiri da sukari na kemis, da tawul, da riga busasshiya, da silifas domin ƙafarsa za ta kumbura. Ki riƙe abin ƙara cajin waya da tsabar kuɗi, ki rubuta lambar ƙirjinsa da launin rigarsa a takarda, shi ma ya rubuta lambar wayarki a bayan tasa lambar. Kada ya sa sabon takalmi ranar, kada kuma ya ci wani abincin da cikinsa bai saba da shi ba a daren, ya tsaya a kan shinkafarsa ko taliya. Ki saya masa man shafawa ya shafa a cinya da hammata saboda gogayyar tufafi, musamman idan dogon wando zai sa don suturta jikinsa, kamar yadda nawa ya yi kuma babu wanda ya hana shi. Ke ma ki ci abinci ki riƙe lema, domin tsayuwar awa biyar a rana ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙananan yara kuwa ki bar su a gida, cunkoson ya fi ƙarfinsu.

Game da maganar dangi, ni ma na sha ta. An ce mini na sa ido mijina yana zubar da girmansa, an ce kuɗin motar da an sayi buhun masara, har wata ta tambaye ni ko kyautar dala muke hange. Su ba su ga yadda wannan mutum ya riƙa tashi kafin kiran sallah watanni a jere ba, ba su ga yadda numfashinsa da barcinsa suka gyaru ba, ba su san cewa 'yan Filato da ke cikin fitattun masu dogon gudu a ƙasar nan su ma 'ya'yan mutane ba ne masu iyali. Kada ki yi jayayya da manya, musamman mahaifiyarsa, domin tsoro ne yake sa ta magana. Ki je ki durƙusa ki nemi addu'arta, ki yi mata alkawarin kiranta da zarar ya gama, kuma ki cika. Sauran masu dariya ki ƙyale su, amma kada ki ba ɗayansu wani aiki a cikin tafiyar.

Ku kuma duba kalanda da kyau, domin watan azumi yana ta matsowa cikin Fabrairu a waɗannan shekaru, kuma bai kamata ranar ta zo muku ba shiri ba. Sannan kada ku kamo hanyar gida a ranar da ya gama. Zaman mota daga Legas zuwa Zariya yini ne cur har da dare, kuma ƙafar da ta yi wannan gudu idan aka naɗe ta a kujera sai jijiyoyi su ɗaure, washegari ko matakala ba zai iya sauka ba sai da riƙo. Ku ƙara kwana ko da ɗaya ne, ya ci abinci mai kyau, ya ɗan taka a hankali da yamma, ki duba masa ƙafafun ko akwai ƙurajen ruwa, kada ki fasa su da allura mara tsafta. Idan kun tsayar da ranar tafiya ki sanar da ni, zan kwatanta miki yadda na bi daga Idi-Araba har bakin teku. Allah ya kai ku lafiya, ya ba shi ikon gamawa da ƙafarsa.