Amsa ga mai neman wurin gudu a bakin gulbi

Salamu alaikum jama'ar gida, 'yan wanga zaure namu na waya. To ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, hidima ce ta hana ni amsawa. Ka ce ka gaji da zagayen filin wasa na Giginya nan Sakkwato, kana son a kwatanta maka hanya shimfiɗaɗɗa wajen bakin gulbi, ta cikin ƙauyuka, inda za ka yi kilomita 10 ba hawa ba gangara. Na ga har wasu sun turo maka taswira daga waya. Hanya ai ko yaro ka tambaya sai ya nuna maka. Abin da ni na ji cikin muryarka shi ne, ko mutum shi kaɗai zai iya shiga can da sassafe ya fito lafiya, ba wanda ya tare shi, ba wanda ya yi mishi kallon mai taɓin hankali. To ita zan amsa.

Za ka iya, amma ba ko'ina ba, kuma ba kowane wata ba.

Mafi sauƙi gare ka shi ne hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka aje babur ɗinka wajen Kwalkwalawa, wurin masu shayi, ka gaishe su ka bar musu amana, in ka dawo ka sha shayi ka biya, shi ke nan kun zama 'yan gida. Ka fara bin gefen kwalta tukuna, ka nufi wajen Dundaye, hagu da dama duk fadama ce. In idonka ya saba, sannan ka soma sauka kan hanyoyin da amalanke da jakai ke bi. Nan ƙasa ta kwanta, kuma ba ta cin gwiwa irin kwalta. Ɓangaren Wamakko ma akwai wuri mai kyau, sai dai kafin ka kai, manyan motocin da ke bin hanyar Kalambaina sun ɗura maka ƙura. Ni ban son shi don wannan. Wasu na zuwa wajen Kware, su ma ba laifi, amma kai da ke zuwa aiki ƙarfe takwas, ina kai ina Kware.

Wanga da ya turo taswira, Allah shi saka mishi, amma don Allah ku daina yarda da waya a kan fadama. Layin da kake gani a waya, wani ne ya bi shi cikin rani. Kai ka ɗauke shi cikin Agusta ka ga ikon Allah, ruwa ne za ka iske har ƙugu. Gulbin Rima ba ruwan samanmu kaɗai ke cika shi ba, akwai madatsar Goronyo can sama, in anka saki ruwa sai ka ga wurin da ka bi shekaranjiya ya zama na masu kwalekwale. Gulbin Sakkwato kuma shina da tasa, Bakolori, can wajen Talatar Mafara. Waɗanda sunka ga ambaliyar 2010 sun san abin da nike cewa, ita wagga hanya ta jami'a da nike gaya maka ruwa ya yanke ta, sai da jirgin ruwa mutane ke ƙetarewa. Don haka daga Yuli har ƙarshen Satumba ka tsaya kan tudu ko kan kwalta. Oktoba ma laka ba ta bushe ba, kuma lakar fadama in ta kama takalmi ba ta saki.

Lokacinka shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyi, ƙasa ta bushe, lambuna sun yi kore. In hazo ya yi yawa dai ka ɗaura ƙyalle a hanci, ko ka haƙura da ranar, musamman in kana da ciwon ƙirji. Maris da Afrilu kuwa, kai ma ka san garinmu, zafi na wuce digiri 40, duk wanda rana ta ɗaga shina cikin fadama ba motsa jiki yake ba, wahala yake saye. Ka idar da sallar asuba, ka jira gari ya ɗan waye har kana ganin inda za ka sa ƙafa. A'a, bari in gyara, ba ɗan wayewa ba, ya waye sosai, saboda kububuwa na kwanciya bakin hanya, kuma launinta da na ƙasa ɗaya ne.

Yanzu ga babbar maganar, kuma ita ce ke ci mini rai. Fadama gonar mutane ce. Duk inda ka ga ƙasa ta yi lumui, wani ne ya gyara ta da guminshi. Shekarun baya muna da wata ƙungiyar gudu, ba sai na faɗi suna ba, wasu daga cikinsu na nan cikin gidan ga suna saurare. Munka saba da mutanen wani ƙauye, har dattijon da ke da lambu bakin hanya kan aje muna randa da moɗa. Ran nan sai wasu sunka gayyato baƙi, mutum wajen ashirin, kowa da abin sauraren kiɗa a kunne. Sunka ga hanya ta yi kwana, wai don kada agogo ya ci musu lokaci, sai sunka yanke ta tsakiyar fangali. Irin albasa ne a wurin, wanda mutum ya yi rainon shi, bai ma kai dashe ba. Sunka tattake shi, wani ya yi tuntuɓe da tiyon ban ruwa ya cire shi daga bakin inji, ruwa ya malale. Kun san abin da man injin nan ke ci wa manomi? Shi da ya ranto kuɗin fetur sai albasa ta fito ya biya? Kuma ba wannan ya fi ba ni haushi ba, a'a, da dattijon ya ɗaga murya shina kiransu, ba wanda ya waiwaya, don ba su ji, kunne a toshe. Ɗaya daga cikinsu har ya tsaya ɗaukar hoton mata suna wanki bakin ruwa, ya sa a Facebook wai kyawun karkara. Matan aure fa! Mu da munka san wurin mu munka je ba da haƙuri wajen maigari. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce ba kome, amma randar nan ba ta sake fitowa ba. Har yau in na bi ta wurin, gaisuwar ta baki ce kawai. Kuma wanda ya jawo abin, ko sannu bai je ya yi ba, yanzu ma shi ke koya wa mutane ladubban motsa jiki a intanet. To Allah shi kyauta. Bari in bar zancen, kada in faɗi abin da za a cire ni daga gidan.

Ina muke? Yawwa. Ka bi inda ƙafa ta riga ta bi. In ka tarar da tiyo a kan hanya ka tsallake shi. In ka gamu da mai jaki ko raƙumi da kaya, kai ne za ka kauce. Ka rage gudu in ka shigo cikin gari, ka yi sallama, sannunku da aiki, ina kwana baba, ba ta rage maka kome. Za a tambaye ka lafiya, mi ke korar ka? Ka yi dariya ka ce motsa jini ne, kwana kaɗan za su saba, yara ma su riƙa bin ka. Gajeren wandon nan da kuke sawa a Giginya ka bar shi can, ka sa dogo mai sauƙi da riga mai hannu. Abin kunne kuma, na gaya maka labarinshi.

Shanu: in ka iske garke na gangarawa mashaya, kada ka ratsa tsakiya, ka tsaya su wuce. Kusa da ruga akwai karnuka, in sun taso kada ka ƙara gudu, ka tsaya ka kira masu gida. Takalmi mai kaurin ƙasa, don tsidau da ƙarangiya. Ruwan sha ka zo da naka. Kuma kome zafin da ka ji kada ka faɗa cikin kududdufi ko tabkin da ruwansa ke kwance, nan ake ɗaukar tsargiya.

Wani a cikin gidan ga ya ce ka gwada Wurno, wai can fadama ta fi faɗi. Gaskiya ne tana da kyau, ga shinkafa, ga hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma a halin da ake ciki, gabashin jihar nan, Wurno, Rabah, Goronyo, balle Isa da Sabon Birni, ba wurin da baƙo zai shiga daji shi kaɗai da duku-duku ba ne. In ziyara ce ka tafi da rana, da ɗan gari. Gudu dai ka tsaya kusa da birni, inda kake hango mutane, kuma ka gaya wa na gida inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.

Zancen kilomita 10 ɗin, kada ka matsa sai ka zagayo. Ka yi 5 ka juyo ta inda ka fito, don hanyar fadama kan ƙare a bakin ruwa ba sallama. Akwai kuma maganar numfashi da wani ya tambaya, wannan sai wani lokaci, muryar ta yi tsawo. In Allah ya kai mu Asabar zan fita, in kana so ka same ni wurin masu shayin nan bayan asuba, in haɗa ka da mutane biyu uku a hanya su san fuskarka. Ka zo da dogon wando.