Yaya ake auna ƙanƙara da gas a cikin daskararriyar ƙasa?

Ka tambayi yadda ake gane yawan ƙanƙara da iskar metan a ƙasar da ke daskare shekara da shekaru, irin ta Saberiya da Alaska. Wuyar aikin ɗaya ce: samfurin ƙasar da aka haƙo ya isa ɗakin gwaji bai narke ba.

Ana haƙowa da na'ura mai bututu, a bushe, a hankali. Zuba ruwa ko saurin juyawa kan narkar da gefen samfurin, gas ya tsere. Da an ciro shi sai a naɗe a leda, a rubuta zurfinsa, a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.

Ƙanƙara ba ta da wuya: a auna nauyi, a busar a digiri 105 har nauyin ya daina raguwa, a sake aunawa; nauyin da ya ragu shi ne na ruwan ƙanƙarar.

Gas ne ke son kulawa. A kankare bayan samfurin, a yanki kamar giram 50 daga tsakiya, a narkar a rufaffiyar kwalba cikin ruwan da ya ƙoshi da gishiri. Gishirin yana hana gas zama cikin ruwan, yana kuma hana ƙwayoyin halitta samar da sabon metan. Wanda ya narkar a tsurar ruwa, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Daga nan a zuƙi iskar da ta taru a cikin kwalbar da sirinji zuwa na'urar kromatograf, mai rarrabe nau'o'in gas da auna yawansu.

Haƙa mai zurfi kam a bar wa ƙwararru, irin na Cibiyar Melnikov mai nazarin daskararriyar ƙasa da ke birnin Yakutsk a Saberiya. Gas da ya taru a ƙasa kan fashe. Masana na danganta ƙaton ramin da aka gano a yankin Yamal na Saberiya a 2014 da hakan.