Tambaya da Amsa: Wasan ƙwallon gilashi da na buga da firinta yana ta maƙalewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni malamin makaranta ne a Garwa, ina da ƙaramar firinta mai 3D a gida, wadda ke ƙera abubuwa da narkakkiyar roba, ƙirar Ender 3, sai na buga wa ɗalibaina wani wasa wanda ƙwallayen gilashi ke gangarowa ta kwata har ƙasa sannan wani murɗaɗɗen sukuru ya sake hawa da su sama da moto. Da safe yana tafiya lafiya amma da rana ta take sai ya fara cijewa, moton na ƙugi yana zafi, na sa wani moto mai ƙarfi sai haƙoran giya suka cinye, kuma a wata kwana inda kwatar ta lanƙwasa ƙwallayen na tsalle waje. Da zaren roba na PLA na buga. Mene ne mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da wannan aiki da kake wa yara, wallahi ya burge ni. Toh amma ka ajiye batun moto tukuna, ba shi ne mai laifi ba. Ƙwallon gilashi irin na yara milimita 16 ne kaurinsa, nauyinsa wajen giram 5 kawai, ko goma ne a kan sukurun lokaci ɗaya ba su kai nauyin da za su gagari ƙaramin moto ba. In ka ji yana ƙugi to wani abu ne ya tokare, kuma da ka sa mai ƙarfi tokarewar na nan inda take, ƙarfin ya rasa inda zai bi sai ya huce a kan giya.

Abu na farko, cire moton gaba ɗaya ka juya sukurun da yatsa a hankali, ƙwallaye na ciki. Duk inda ka ji ya ɗan cije ka sa alama da biro. Ina kyautata zaton a bakin shiga za ka same shi, can ƙasa inda ƙwallo ke barin kwata ya faɗa cikin sukuru, domin in sun yi layi na baya suna tura na gaba, sai na biyu ya shigo da rabin jikinsa kafin na farko ya wuce, murɗin sukurun ya zo ya danne shi da bango shi ke nan komai ya tsaya. Maganinsa ka rage gangarar kwatar a wannan yankin na ƙarshe ta kusa kwanciya yadda za su iso a natse, ka tabbatar gurbin ɗaya kawai yake ɗauka, kuma ka rage yawan ƙwallayen ka gani, mutane na son cika su da yawa don ya yi kyau alhali layin ne ke kawo matsi.

Sai su kansu ƙwallayen. Na kasuwa ba girmansu ɗaya ba ko da a leda ɗaya suka zo, wani ma ba zagaye yake sosai ba. Ka buga ɗan faifai mai huji biyu, ɗaya milimita 16.5 ɗaya 15.5, wanda ya wuce babban huji amma bai wuce ƙaramin ba shi ne naka, sauran a ba yara su yi wasa da su a ƙasa. Kwatar kuma ka ba ta sarari, 17 zuwa 18, kar ka zana ta daidai da ƙwallo, firinta tana matse huji kuma shimfiɗar farko takan baje ta fito gefe kaɗan, wannan ɗan leɓen kaɗai ya isa ya riƙe ƙwallo a mahaɗar kwata biyu. Ka goge shi da samfefa ko ka kankare da reza.

Yanzu batun safe da rana, nan ne fa zafin Garwa ya shigo. PLA na narkewa wajen digiri 200 a bakin firinta amma tun daga 55 zuwa 60 yake fara laushi, mu kuma a watan Maris da Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle aji mai rufin kwano ko kusa da taga inda rana ke bugawa, ga moton da ya tokare yana ƙara nasa zafin a jikin robar da ke riƙe da shi. Mariƙin ya ɗan saki, sandar ta karkace ko da rabin milimita ne, giya ta daina haɗuwa daidai. Ba sai ka sake buga komai ba, mariƙin moto da giya da mahaɗin sanda kawai ka buga da zaren roba na PETG wanda ke jurewa har kusan digiri 80, in babu shi ka yi mariƙin da katako ko guntun alminiyam wajen masu haɗa taga. Dogon sukurun kuma ka zura masa sandar ƙarfe milimita 8 a tsakiya, sama da ƙasa ka sa boris lamba 608, hujinsa 8 ne daidai, ana samu wajen masu kayan gyaran inji. Kar ka bar wasan cikin mota a rana ko sau ɗaya.

Moton da zan ba ka shawara ƙarami ne mai giya a jikinsa irin N20 mai juyi 30 a minti, cajar waya mai volt 5 ta ishe shi. Sauri ba ya taimakon sukuru, a hankali ya fi ɗauka. Kuma kar ka shafa giris a kwata ko sukuru, da hunturu ya shigo ƙura za ta manne ta zama kamar kunu, bakin fensir ka goga ko kyandir kaɗan a haƙoran giya, sannan a rufe da zane in an tashi.

Tsallen da suke yi a kwana kuwa gudu ne ya yi yawa. Ɗaga bangon waje na kwanar ya wuce rabin ƙwallo, ko ka rage gangarar da ke gabanta. Wannan ma ka bar ɗaliban su gwada da kansu, su sa kwali a ƙarƙashin ƙafa suna ɗagawa suna saukewa har su gano, kuma ka gaya musu irin wannan sukurun ana danganta shi da masanin Girka Arkimidis na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da irin sukurun ne manoman Masar suka daɗe suna ɗebo ruwan Nilu.

Dan Allah Malam in ka kai shi gida a kula da ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 3, ƙwallon nan daidai maƙogwaronsu yake, a ƙirga su kafin wasa a ƙirga bayan an gama.

TAMBAYA: Malam ni a Injamena nake, sukurun nawa yana cin awanni kafin ya gama bugawa kuma ana yawan ɗauke wuta a tsakiya, ya zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa ka raba shi gida uku ko huɗu a zanen, kowane guntu ya zama aikin awa ɗaya ko biyu, sai ka jera su a kan sandar ƙarfe ka haɗa da gam, ka lura murɗin ya haɗu baki da baki ba tare da tudu ba. In wuta ta tafi guntu ɗaya kawai ka yi asara. Wasu firintocin suna ci gaba daga inda suka tsaya, amma in faifan da firinta ke bugawa a kai ya huce aikin yakan ɓanɓare, kuma wurin da aka tsaya yana barin layi wanda nan ne yake fara karyewa, don haka ga sukuru gara ka sake buga guntun daga farko.